Famfon Baƙin Mai Na Motar Daji, Da Yadda Za A Kiyaye Shi A Gida

Wanda duk ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya san ya shigo unguwar ƙarfe. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna cikin 1957, nan aka kafa ma'aikatar makamai ta soja cikin 1964, nan kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci cikin 1975. Can gaba bisa hanyar Kachia ga matatar mai, wadda aka buɗe cikin 1980. Masaƙun sun daɗe da yin shiru, amma sun bar gado, watau mutane masu sanin ƙarfe. Da wuya ka bi layi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ba ka ga bakanike kwance ƙarƙashin mota ba.

Cikin motocin nan akwai waɗanda ba don kwalta aka ƙera su ba. Su ne masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da tsofaffin Land Rover, yawancinsu kuwa injin gas gare su. Su ke bi ta Sabon Tasha su nufi Kujama da Kajuru da Kachia, su bar babbar hanya su shiga gonaki, su kwaso masara da citta. Mai irin wannan mota sau da yawa ba shi da wata dukiya da ta fi ta. In injinta ya buga, shekararsa ta buga.

Zangon karatun da ya wuce aka jawo wata a-kori-kura mai injin gas zuwa ɗakin aikinmu, ɗaure da igiya bayan wata mota. Mai ita manomi ne, dattijo. Ya ce yana dawowa da kaya sai ya ga jar fitilar nan ta baƙin mai tana ƙyaftawa, ya ce a ransa bari dai ya ƙarasa gari a duba. Bai yi tafiyar minti biyar ba sai ya ji injin na ƙwanƙwasa kamar ana sassaƙa turmi, sa'an nan ya tsaya cik. Kowa ya gaya masa famfo ne ya mutu, har ya sayo sabo ya zo da shi cikin kwali. Malaminmu ya sa muka kwance injin gabansa, muka fid da tsohon famfon, muka wanke, muka auna. Ashe lafiyarsa lau. Rariyar da ke bakin bututun shan mai ita ce ta toshe da baƙar laka da guntayen gam, har in ka ɗaga ta wajen rana ba ka hangen haske. Famfo ya yi ta juyawa bai sami abin sha ba. Malam ya ce mu rubuta abin da muka gani domin 'yan'uwanmu ɗalibai waɗanda ba su nan ran nan. Shi ne dalilin wannan darasi.

Sai mu fara da abin da baƙin mai ke yi, gama wanda bai san aikin mai ba, ba zai san darajar famfo ba. Injin gas, wanda Rudolf Diesel na ƙasar Jamus ya gama ƙera na farkonsa mai aiki cikin 1897, ba shi da filogi mai ba da wuta irin na injin fetur. Iska ya ke matsewa, har abin da ya cika mudu ashirin ya koma cikin mudu ɗaya ko kusa da haka. Matsin nan ya sa iskar ta yi zafi ƙwarai, da an fesa mata gas sai ya kama da kansa. Duk ƙarfin fashewar nan bisa fistin ya ke sauka, fistin ya miƙa wa karanshaf, karanshaf kuwa yana juyi cikin waɗansu ɓawon ƙarfe masu laushi da kanikawa ke kira metal. Tsakanin karanshaf da metal akwai 'yar tazara, kaurinta kamar na gashin kai guda, ko ma bai kai ba. Cikin 'yar tazaran nan mai ke shiga, ya ɗauke karanshaf ya riƙe shi, har ya zama ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe muddin injin na tafiya. Da mai ya yanke, sai su haɗu, su yi zafi, metal ya narke. Abin da a ke nufi ke nan in an ce injin ya buga. In injin mai turbo ne, abin ya fi sauri, domin turbo ya kan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, da man nan kuwa ya ke rayuwa.

Mai yana kwance cikin kaskon da ke ƙarƙashin injin. Daga nan ya bi ta rariya, ya hau bututu, ya shiga famfo. Famfo ya tura shi ta filta, ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda cikin jikin injin, ya kai ko'ina, sa'an nan ya tsiyayo ya komo kasko. Shi famfon kansa ba wani abin mamaki ba ne. Wani giya biyu ne masu cin juna, suna ɗibar mai tsakanin haƙoransu. Wani kuma ƙarfe biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, na cikin ya kasa na wajen da haƙori guda. Yana cikin mai dare da rana, don haka ya fi yawancin kayan injin daɗewa. A jikinsa, ko kusa da shi, akwai wata 'yar ƙofa mai sifirin, wadda in ƙarfin mai ya yi yawa ta kan buɗe ta mai da ragowar baya. In datti ya maƙale ta a buɗe, ƙarfin mai ya faɗi. In ya maƙale ta a rufe, filta na iya kumbura ta fashe.

Ga wani abu da muka daɗe ba mu gane ba, muna kuwa zaton ba mu kaɗai ba ne. Famfo ba shi ke yin ƙarfin mai shi kaɗai ba, turawa kurum ya ke yi. Ku tuna da tiyon ban ruwa. In an bar bakinsa sake, ruwa ya fito a sanyaye, in an danne bakin da yatsa sai ya yi tsiri ya tafi nesa, alhali kuwa ruwan da ke shigowa bai ƙaru ba. 'Yar tazaran nan ta metal ita ce yatsan. In metal ya cinye, tazara ta yi faɗi, mai ya zurare da sauƙi, ƙarfinsa ya ragu ko da famfon sabo ne fil. Saboda haka wanda ya ga ƙarfin mai ya faɗi, ya ruga ya sayo famfo bai bincika ba, yana iya zubar da kuɗinsa banza. Har wa yau akwai masu zuba mai mai kauri ƙwarai a tsohon inji don fitila ta mutu, musamman in za su sayar da motar. Fitila ta mutu kam, amma cutar tana nan.

Ita kuwa jar fitilar nan, kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Ana auna ƙarfin mai da ma'aunin da a ke kira bar. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota wajen bar 2 ce. Lafiyayyen inji in ya yi zafi yana gudu, mansa ya kan kai bar 2 ko 3 ko fi. Fitilar kuwa ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗo wajen rabin bar ko ƙasa da haka, watau sai abu ya riga ya ɓaci. In ta kama kana tafiya, ko da ƙyaftawa ce, ka sauka gefen hanya ka kashe injin nan take. Kada ka ce bari in kai gari. Kuɗin jan mota daga Kujama zuwa Kakuri bai kai kuɗin karanshaf ba. Kullum da safe kuma, in ka murza makulli kafin ka tayar, duba ka ga fitilar ta kama, da injin ya tashi ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ba ta kama ba sam, ko ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi da gangan. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan. Wanda ke son sanin gaskiyar injinsa, sai ya ari agogon auna mai, ya kwance makunnin fitilar daga jikin injin ya ɗaura agogon a gurbinsa, ya karanta in injin ya yi zafi, sau ɗaya yana silo, sau ɗaya an taka shi. Ya rubuta abin da ya gani a littafi. Baɗi in ya sake aunawa, zai san ko injin na tsufa da sauri ko a hankali.

To, me ke toshe rariya? Mu nan abokan gāba uku gare mu. Na fari ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya kan cika sama da ita, hanyoyin gona kuwa jar ƙasa ce. Ƙurar da ta wuce filtar iska ta kan gangara cikin mai ta zama kamar yashin wanke tukunya. Na biyu baƙin hayaƙin gas, wanda shi ke mai da sabon mai baƙi cikin kwana kaɗan. Baƙin nan ba laifi ba ne, alama ce mai yana kwashe datti, amma akwai iyakar abin da zai ɗauka, in ya wuce sai ya yi kauri ya zama laka. Gas kuma yana da farar wuta a cikinsa, wadda in ta ƙone ta haɗu da damshi ta kan zama ruwa mai cin ƙarfe. Cikin 2016 ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, sa'ad da ƙasashen Turai ba su yarda da fiye da 10 ba, tsofaffin injunanmu kuwa sun yi shekaru suna shan irin wancan. Na uku shi ne mu kanmu, da son araha. Man da a ke aunawa a kwalba bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa. Filtar jabu kuma takardar cikinta ta kan yage, guntayen su bi mai. Ƙa'idar da malaminmu ya ba mu ita ce, motar da ke shiga daji a juye mata mai da filta ko wane kilomita 5,000, a sayi man cikin galan rufaffe, a bi lambar da littafin motar ya faɗa. Tsofaffin injunan gas a ƙasarmu mai zafi yawanci 15W-40 su ke sha, amma sababbi da dama sun fi son wanda ya fi wannan tsinkewa.

Hanyar daji kuma tana da nata sharrin. In mota ta hau tudu ko ta karkata cikin kwazazzabo, mai ya kan taru gefe guda na kasko. In dā ma bai cika ba, sai bakin bututu ya fito fili, famfo ya sha iska. Don haka a duba geji ko wace safiya, mota na tsaye a wuri madaidaici, injin a kashe. Dutse kuma, irin na ƙasar Kajuru, in ya bugi kaskon ƙarfe ya lotsa shi, ƙasan kaskon ya kan matso bakin rariya ya rage mata hanya, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa da zai tona asiri. Da damina, bayan an ƙetare rafi mai zurfi, a zaro geji a duba. In mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye shi kafin a ƙara tafiya.

Akwai kuma wani inji guda da ya kamata mu yi magana a kansa dabam, domin labarinsa ya bazu tsakanin masu motocin daji a Ingila da sauran ƙasashe. Kamfanin Land Rover, wanda ya fito da motarsa ta farko cikin 1948, ya fara sa mata injin gas cikin 1957, ya ƙera wani inji mai fistin biyar cikin 1998 ya sa masa suna Td5. An sa shi cikin Discovery har 2004, cikin Defender kuma har 2007. A injunan Toyota irin su 1HZ, wanda ya fito cikin 1990, famfo yana gaban injin, karanshaf ke juya shi ba da sarƙa ba. A Td5 kuwa famfon yana ƙasa, sarƙa ke juya shi, sarƙar tana bisa wani ɗan faifan ƙarfe mai haƙora irin na keke, faifan kuma noti ɗaya tak ke riƙe da shi. A waɗansu daga cikin injunan shekarun farko an tarar notin nan ba shi da gam mai kulle zare, sai girgiza ta yi ta sassauta shi a hankali, shekara da shekaru, ran da ya kwance faifai ya zame, famfo ya tsaya alhali injin na gudu. Ba ya ƙara, ba ya yoyo, ba ya ba da wata alama kafin ranar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba dukansu ke yi ba, amma daga waje ba mai iya faɗin wanne ne zai yi, shi ya sa masu hankali ke buɗewa su duba tun ba a kai ga haka ba. Wanda ya sayi irin wannan mota ta hannu, ba shi da shaidar an taɓa yin aikin, ya ɗauka ba a yi ba.

Aikin sauke kasko, ko don noti ko don rariya, ana iya yinsa a tsakar gida cikin yini ɗaya. Amma tun da fari mu ja kunne. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko kututturen katako mai ƙwari, a ƙasa mai tauri, an sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya, an cire kan batir. Bulon siminti ba abin dogara ba ne, ya kan farfashe ba sallama. A tokare jikin motar, a bar gadar ƙafafun gaba ta sauka ƙasa kaɗan, da haka kasko ke samun hanyar fita. A juye mai yana da ɗumi, ba da zafi ba, cikin mazubi mai faɗi. Kada a zuba shi a kwata, gama kwatocin Kakuri da Makera duk kogi su ke nufa, kogin kuwa ya riga ya sha abin da ya ishe shi.

Notocin kasko suna da yawa, tsawonsu kuma ba ɗaya ba ne a waɗansu injuna. Dabarar da muka koya ita ce a zana siffar kaskon bisa kwali, ko wane noti aka kwance a soka shi a gurbinsa. In kasko ya manne, a bubbuga shi da katako. Kada a cusa masa sukundireba a bakin, musamman na Td5 da ya ke na alminiyam ne, in bakin ya sami rauni yoyo ba ya ƙarewa. Da ya sauko, kafin a wanke, a sa yatsa cikin abin da ya kwanta a ƙasansa a duba wajen haske. Baƙar laka kaɗan ba kome. Amma in an ga ƙyalƙyali kamar garin tagulla ko na azurfa, metal ya fara ci, aikin ya wuce na tsakar gida, sai a nemi bakanike.

Sa'an nan a kwance bututun shan mai, a wanke rariya da kananzir da tsohon burushi har haske ya ratsa ta ko'ina. Inda bututun ya haɗu da famfo akwai zoben roba, ko gaskit a waɗansu. A sake shi da sabo ko da tsohon bai nuna kome ba, domin roba in ta tsufa cikin zafi ta kan bushe, iska ta riƙa shiga ta nan, mai ya yi kumfa. Mai Td5 ya dubi gaban injin, zai ga sarƙa da faifanta. Ya kwance notin, ya duba ramin faifan da ke zaune bisa sandar famfo ko ya cinye, in ya cinye a sake faifan. Ya wanke ramin zaren, ya bari ya bushe sarai, don gam ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. Ya kawo sabon noti, in ba a shafa masa gam tun daga kamfani ba ya ɗiga masa gam mai kulle zare, irin su Loctite, ya ɗaure da sufana mai awo har 25 a ma'aunin da a ke rubutawa Nm. Wannan ɗaurin ba mai yawa ba ne. Ƙarfin damtse ba shi da amfani a nan, wanda ya ja da ƙarfi zai karya notin cikin sandar famfo, ya mai da aikin yini ɗaya na mako guda. In ba ka da sufana mai awo, ka ara.

Wajen mai da kasko ne aka kashe injin dattijon nan, don haka mu tsaya nan kaɗan. Wani da ya taɓa yi masa aiki ya ga tsohon gaskit ya lalace, maimakon ya sa sabo sai ya lafta gam kamar mai shafa man shanu a burodi. Da aka ɗaure, rabin gam ɗin ya matso waje, ana gani, rabi kuwa ya matsa ciki, inda ba mai gani. Zafi da mai suka yi ta gutsura shi, guntayen suka taru a rariya. Abin da ya kamata shi ne a kankare tsohon gam duka daga fuskokin biyu, a goge su bushe, a sa sabon gaskit, a ɗiga gam kaɗan a kusurwoyin da littafin injin ya nuna kurum. Inda kuwa aka ƙera injin ba gaskit, sai gam, a ja shi siriri kamar zaren saƙa. A fara ɗaura notoci duka da hannu, sa'an nan a bi su da sufana daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare da wancan, sannu sannu.

In an ɗiga gam mai kulle zare, gara a bar motar ta kwana. Da safe a sa sabuwar filta, mai Td5 ya tuna biyu gare shi. A zuba mai har geji ya nuna cika. Kada a tayar kai tsaye, domin bututu da filta duk wofi su ke. A tsohon inji a cire 'yar wayar da ke buɗe wa gas hanya a jikin famfon gas, a sabo kuma a zare fis ɗin famfon tanki, a murza makulli injin ya juya bai tashi ba, daƙiƙa goma, a huta, a sake, har jar fitila ta mutu. Sa'an nan a mai da wayar a tayar, a bar shi silo, mutum ɗaya idonsa kan fitila hannunsa kan makulli, ɗaya kuma ya leƙa ƙasa yana neman ɗigo. Bayan minti goma a kashe, a jira mai ya kwanta, a sake duba geji, gama filta ta shanye wani abu daga ciki. A ƙara abin da ya ragu, a rubuta kwanan wata da lambar kilomita a littafin motar, a bar littafin cikin aljihun gaba domin wanda zai gaje ta.